Makullin da Aka Yanko Daga Fartanya

Rigimar ranar daga kofin shayi ta fara, tun kafin a kawo injin.

"Wai ke, Tsohuwa, ganyen ne ya ƙare ko ruwa ne ya yi ƙaura?" Tsanaki ya karkata kofin yana leƙa cikinsa. "Kullum rabi. Mutum da furfurarsa ana auna masa shayi sai ka ce maganin tari."

Matarsa tana kan keken ɗinkinta a bakin ƙofar ɗaki, allura a baki, ko ɗago kai ba ta yi ba. Sai da ta zare allurar ta soke a gefen zani, sannan ta ce, "Shanye a ƙara maka, Malam."

"Ba ƙari nake nema ba. Kofi ne, a cika shi."

Ta taka keke, ƙararsa ta cinye sauran maganar. Ya ja tsaki, ya kurɓe rabin nasa a tsaye, ya nufi shago.

Shagon ɗaki ɗaya ne a gaban gidan, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana kallon tsakar gida. Teburin ƙarfe a tsakiya, da bayis na matse kaya a kusurwarsa, sufanu jere a bango kowace da ƙusarta. A nan ya ƙare ƙuruciyarsa a kan ƙananan injuna, daga janareto zuwa injin niƙa zuwa na ban-ruwa. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a layin. Tsanaki kowa ya sani, domin mutum ne da zai tsaya yana kallon noti guda har mai injin ya fara hamma, sannan ya taɓa shi sau ɗaya ya kwance.

Akwai dai abin da layin bai sani ba, kuma shi Tsanaki yake tsaro fiye da sufanunsa. Hannunsa na hagu ya fara rawa. In yana aiki da shi, yana murɗa wannan yana ɗaga wancan, lafiya lau. Amma da ya ce masa tsaya cak, sai yatsun su kama kaɗawa su kaɗai, kamar suna ƙirga abin da babu. Don haka ya koyi dabaru. In yana magana da mutane, hannun yana aljihu. In ba ya aljihu, to yana matse da tsumma. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa, domin a ganinsa ranar da aka ji makaniki hannunsa na rawa, ranar aka gama kawo masa aiki.

Hantsi bai gama dubawa ba Mai Lambu ya turo baro har cikin shagon, injin ban-ruwa kwance a ciki, shi kuma gumi na bin wuyansa. Ƙato ne mai murya, irin mutanen da ko gaisuwa suke yi sai ka ɗauka faɗa ne.

"Baba Tsanaki, na shiga uku! Jiya na gama dashen tumatir da tattasai, fili guda, duk ƙanana. Yau da safe ina ba su ruwa, tiyo ya zuƙo tsakuwa, injin ya tsaya kaf. Na cire tsakuwar, na ja igiya, ya fizge ni har kafaɗata ta yi ƙara. Tari yake, ba ya tashi. In rana ta faɗi dashen nan bai sha ruwa ba, gobe sai dai in share busasshe."

Tun kafin ya rufe baki Tsanaki ya san ciwon. Suka ɗora injin a kan tebur. Ya kwance murfi, ya kwance babban noti, ya ɗaura abin zaro fulawil ya yi ta murɗawa. Duk wannan aikin motsi ne, hannun ya yi masa biyayya, har ransa ya ɗan yi sanyi. Fulawil ɗin ya saki da ƙara, ƙaton faifan ƙarfe mai nauyi, ya ajiye shi gefe.

Ga wanda bai taɓa leƙa cikin inji ba, abin ba wuya. Fulawil yana zaune ne a kan bakin kiranshaf, sandar ƙarfen da ke juyawa a tsakiyar injin. A jikin sandar akwai ɗan rami siriri, a cikin fulawil ma akwai tsaga daidai da shi, sai a sa ɗan makulli a tsakani, ƙarfe mai siffar rabin wata wanda bai fi farcen babban yatsa ba. Shi ke riƙe su su juya tare. Da gangan ake yin sa da ƙarfe mai laushi, don in injin ya tsaya da ƙarfi, shi ya karye a huta, kada babbar sandar ta ji ciwo. Rabin da ya rage a ramin, yawanci da bakin sukundireba ake ɗago shi.

Wannan dai bai yi kama da yawanci ba. Rabin makullin ya tsinke daidai da fatar sandar, ya shafe, ya cika ramin tam. Tsanaki ya goge shi da tsumma, ya sunkuya. Ƙarfen baƙi ne, da sawun magagari a gefensa.

"Wa ya sa wannan?"

Mai Lambu ya washe baki, duk da halin da yake ciki. "Ni na yi shi da hannuna. Na kanti ai biskit ne, Baba, abu kaɗan ya karye. Na gaji. Sai na yanko daga ruwan tsohuwar fartanyata, ƙarfen da ya yi shekaru yana dambe da tsakuwa bai ce uffan ba. Na goge shi, ya ɗan yi ƙiba kaɗan, na taimaka masa da guduma ya shiga."

Tsanaki ya ɗago ya dube shi tun daga hula har takalmi. "Ka taimaka masa."

"Ƙwarai."

"Da guduma."

"Ai ya zauna daram."

"Ya zauna kam! Ga shi nan ya ƙi tashi." Haushi ya turnuƙe shi. "Kai, Mai Lambu, wa ya aike ka? Waɗanda suka ƙera injin ba su san inda ake sayar da ƙarfe mai tauri ba ne, sai kai? An yi abu don ya karye, kai ka ce ba ka yarda ba. Sa'a ka ci sandar ba ta tsage ba. Fartanya! Me ya hana ka sa ƙotar gaba ɗaya?"

Mai Lambu ya sosa ƙeya. "To yanzu dai a cire shi."

A cire shi. Faɗa ba wuya. Tsanaki ya ɗiga masa kananzir, ya bari ya jiƙa, ya gwada filaya, babu abin kamawa. Ya gwada bakin sukundireba, ta zame. Hanya ɗaya ta rage, kuma ya san ta kamar sunansa. Tunda gindin makullin a lanƙwashe yake, in ka ɗora bakin ɗan siririn kurfi, ƙarfen nan mai tsini da ake bugawa da guduma, a ƙarshe ɗaya na makullin ka buga ƙasa a hankali, ɗaya ƙarshen zai ɗago. Sai dai wurin ɗora kurfin bai fi kan ashana ba, kuma dab da leɓen ramin yake. In kurfi ya goce ya ɓantare leɓen, ramin ya buɗe ke nan, sabon makulli ba zai ƙara zama ba, kiranshaf ya tashi aiki. Hannun dama zai buga. Hannun hagu kuwa aikinsa ɗaya ne, ya riƙe kurfi ya tsaya cak.

Ya ɗauki kurfin, ya juya baya yadda jikinsa zai kare aikin, ya ɗora. Bakin kurfin ya fara taka rawa a kan ƙarfen, kas-kas-kas, ƙara 'yar ƙarama wadda a kunnensa ta fi ta guduma. Ya yi maza ya ɗauke, ya yi kamar yana duba kaifin bakin.

"Lafiya, Baba?" Mai Lambu ya miƙo wuya ta saman kafaɗarsa.

"Ka tare min haske. Matsa."

Ya matsa taku ɗaya, ya dawo taku biyu. Ana cikin haka inuwa ta cika ƙofar titi. Tartsatsi ne, mai walda na tsallaken titi, baƙin tabarau a goshi. A shagon nan ya koyi riƙe sufana, yanzu shi ma magidanci ne da nasa shagon da nasa tumbin, amma har gobe ba ya wucewa bai leƙo ba.

"Maigida, barka da aiki. Kai, wannan ya ci wuri! Ka bari in jawo waya in ɗiga masa walda, in manna masa ƙusa, mu fizge shi. Kafin ka ce wani abu an gama."

"Ka ɗiga masa walda," in ji Tsanaki, "zafi ya dafa robar da ke tare mai, tartsatsinka ya zauna a fatar sandar, fulawil ya koma yana tafiya a karkace. Haka na koya maka?"

"Zan rufe da jiƙaƙƙen tsumma."

"Rufe bakinka da shi."

Tartsatsi ya yi dariya, ya saba. Maganar Tsanaki gaskiya ce, amma ba ita ce duka gaskiyar ba, shi ma ya sani. In injin nan ya tsallaka titi da rana tsaka a kan baro, kowa a layin zai gani, kuma kowa zai tambaya. Ga wata hanya mai sauƙi tana tsaye a gabansa da tabarau a goshi: ya ce Tartsatsi ya riƙe masa kurfi. To da wane baki? Tun yana saurayi bai taɓa yarda wani ya riƙe masa kurfi a aiki mai laushi ba. Ya sha faɗa wa masu koyo, da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji, cewa wanda ba zai iya riƙewa da kansa ya buga da kansa ba, ya je ya nemi wata sana'a. Tartsatsi ya haddace wannan karatu. In yau ya miƙa masa kurfi, ba sai ya ƙara da bayani ba.

"Kai, Mai Lambu," ya ce, "maimakon ka tsaya kana hura min wuya, je ka sayo sabon makulli. Na kanti. Na biskit ɗin. Kada ka sayi na bakin layi, ka wuce har wurin mai kayan inji na bayan tasha."

"Can da nisa haka?"

"Nasa ne mai kyau."

Mai Lambu ya leƙa waje ya dubi rana, ya dawo fuska a murtuke. "Zan je. Amma Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. In na dawo bai fita ba, wallahi tsallaka titi zan yi da shi. Girmanka daban, dashena daban."

Suka fita tare da Tartsatsi. Tsanaki ya tura ƙofar titi ya bar ta a ɗan buɗe don haske, ya dawo ya tsaya a kan injin. Yanzu daga shi sai guntun fartanya.

Ya dafa gwiwar hannu a kan tebur, ya matse kurfin har jijiyoyi suka fito, ya riƙe numfashi, ya buga. Kurfin ya riga ya bar wurin kafin gudumar ta iso. Ya zame, ya ja farin layi a jikin sandar. Ya shafa da yatsa, ƙarzuwa ce kawai, ba ta kai leɓen ramin ba, amma saura ƙiris. Ya goge ta da takarda mai yashi yana zagin fartanya da wanda ya ƙera ta da wanda ya saye ta.

Ya ce to, a huda shi. Ya ɗauko injin huji, ya sa masa ɗan siririn tsinke, ya kama da hannu biyu. Da makullin kanti ne, da tsinken ya shige kamar cikin sabulu. Wannan kuwa sai ya yi ta zamiya a kai yana kuka, ko gezau ƙarfen bai yi ba, ɗan tabo mai ƙyalli kawai ya bari. Ya ƙara dannawa. Tsinken ya karye, guntun ya yi tsalle ya bugi bango. Ya tsaya yana kallon ragowar a bakin injin hujin, ya ji kamar ya ɗaga abin gaba ɗaya ya maka da ƙasa.

Ya sake kananzir. Ya ɗan gasa wurin da wuta kaɗan-kaɗan yana tsoron robar, ya bari ya huce, ya sake gwada kurfi. Ya canza hannu, dama ta riƙe, hagu ta buga, sai gudumar ta sauka a gefe, ta ci fatar babban yatsansa. Ya cusa yatsan a baki, ɗanɗanon jini da baƙin mai suka haɗu, idonsa ya kawo ruwa, ba don zafin ba.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya san aikin. Da ido rufe zai nuna maka inda za a ɗora, da irin karkatar da ake so, da nauyin bugun. Komai yana nan a kansa, bai ragu da ko ƙwaya ba. Tsakanin kan da ƙarfen ne aka samu ɗan tawaye. Ya ɗaga hannun ya kalle shi yana kaɗawa a gaban fuskarsa.

"Kai kuma me na yi maka?" ya ce da shi a fili. "Tare muka ci, tare muka sha wuya. Yau ɗaya ka tsaya min, don Allah."

Hannun ya ci gaba da abin da yake yi. Daga tsakar gida keken ɗinki yana ta sururunsa. Hasken da ke shigowa ta ƙofa ya bar ƙafar tebur ya fara hawa bango, kuma mai kayan inji na bayan tasha ba a wata ƙasa yake ba.

Nan ne wata dabara ta zo masa, irin wadda ba ta zuwa sai mutum ya ƙure. Ya jawo injin kusa da bayis. Ya ɗauko tsohuwar robar cikin taya, ya yanko doguwa, ya ɗora tsintsiyar hannunsa a kan bayis ɗin, ya naɗe su tare, ya ja da haƙori ya ƙulle. Hannun ya ɗauru tam, har ya fara kumbura. Ya sa kurfin tsakanin yatsu. Tsintsiyar hannu ta tsaya, gaskiya. Amma yatsun ba a ɗaure suke ba, kuma su ne masu rawar. Kas-kas-kas. Ya ɗaga guduma, ya sauke, ya ɗaga, ya kasa bugawa. Takaici ya sa ya wurgar da ita, ta daki garwar kananzir, ƙara ta cika shagon.

Keken ɗinki ya yi shiru.

Ya kai hannun dama zai kwance robar, ƙullin ya ƙi, shi da ya ja shi da haƙori. Yana cikin kokawa da shi ƙofar tsakar gida ta buɗe. Matarsa ta tsaya, zare rataye a wuya, almakashi a hannu, tana kallon mijinta ɗaure a jikin teburinsa.

Kunya ta rufe shi tun daga tafin ƙafa. Ya nemi ƙaryar da zai yi, ya duba ko'ina a kansa, babu wadda za ta dace da mutum ɗaure da robar taya.

"Wata sabuwar dabara ce," ya ce.

"Na gani," in ji ta.

Ta matso, ta zura almakashi ƙarƙashin robar ta datse. Ba ta kalli fuskarsa ba. Ta ɗauki hannun, ta murza inda robar ta yi shata, ta ajiye masa shi a gefen tebur. Sannan ta tsinci kurfin daga ƙasa, ta goge shi da bakin zani, ta ɗauko gudumar ta miƙa masa.

"Nuna min inda zan ɗora."

"Ke me kika sani a inji?"

"Ban san komai ba. Na san in riƙe abu ya tsaya inda aka ce. Nuna min, mai injin yana hanya."

Ya buɗe baki zai kawo karatunsa na masu koyo, ya ji ba shi da ƙarfin faɗarsa. Ya nuna mata da farce. Ta gyara tabarau, ta sunkuya, ta ɗora bakin kurfin a kan ɗan wurin. Ya karkatar mata da shi kaɗan. Kurfin ya tsaya kamar an dasa shi. Ya daɗe bai ga abu ya tsaya haka ba, har wani kishi ya tsarga masa.

Sai kuma ya ga yatsunta. Siraran yatsu ne, da sawun allura a kan manuniya, kuma kan kurfin bai fi faɗin maɓallin riga ba. Da waɗannan yatsun take ɗinki.

"Ɗauki filaya ki riƙe da ita."

"Da filaya ba zan ji in ya goce ba."

"In na same ki fa?"

"Hannun damanka ai lafiyarsa ƙalau. Buga."

Maganar ta shige shi, amma ba lokacin tsayawa a kanta. Ya buga, bugun tsoro, ko ƙuda ba zai kashe ba.

"Malam, ƙarfe ne, ba ƙwai ba. Buga mana."

Ya gyara tsayuwa. Ya cusa hannun hagu a aljihu, ya saki kafaɗa, ya bar gudumar ta sauka da nauyinta, yadda ya saba tun kafin a haifi Tartsatsi. Ƙarar ta fito daidai, siririya, mai tsafta. Ya sake. Ya sake. Gumi na ɗiga daga haɓarsa, ita kuwa ko ƙifta ido ba ta yi. Guntun fartanya ya yi kunnen uwar shegu da su, har Tsanaki ya fara cewa a ransa wannan ma aikin banza ne.

"Tsaya," ta ce. "Ya motsa."

"Ban gani ba."

"Ni na ji a yatsana. Ƙara, kaɗan."

Ya ƙara. Ɗaya ƙarshen makullin ya ɗago, ɗan baƙin leɓe kamar bakin farce, kananzir na tsattsafowa ta ƙarƙashinsa. Bugu na gaba ya ƙara fito da shi. Tsanaki ya ajiye guduma, ya kama shi da filaya, ya girgiza, ya ja. Ya fito da 'yar ƙara, ya bar ramin da leɓensa lafiya, ko ɓantara babu.

Ya zauna a kan benci. Ya juya guntun a tafin hannu. Abin da ya hana shi sakat tun safe bai kai ƙwayar wake ba.

"Tun yaushe kika sani?" ya tambaya, bai ɗago ba.

Tana goge baƙin mai daga yatsunta. "Tun ranar da shayi ya ƙona maka cinya, ka ce hannun kofin ne ya yi sako-sako, ka ce in jefar da shi."

"Ai ya yi sako-sako."

"Yana nan kan kekena, maɓallai nake zubawa a ciki. Lafiyarsa ƙalau."

Ya tuna kofin safe. Rabin kofi, kullum rabi. Duk safiyar duniya yana tsaye a kanta yana mita, yana ce mata marowaciya a gaban jikoki, ita kuwa tana taka kekenta. Haushin kansa da tausayinta suka cakuɗe, ya rasa wanda zai fara haɗiyewa.

"Me ya hana ki faɗa?"

"Kai me ya hana ka?"

Kafin ya samo amsa aka banko ƙofar titi. Mai Lambu ne, yana haki, sabon makulli a ƙulle cikin 'yar leda, Tartsatsi a bayansa ya riga ya saɓo wayar walda a kafaɗa. Matar ta ja mayafi ta koma bakin ƙofar tsakar gida.

"Baba, na ba ka lokaci, yanzu kam sai dai..." Idonsa ya sauka a kan ramin, fes, babu komai a ciki. Ya dubi tafin hannun Tsanaki. "Ya fita? Kai! Kai! Tartsatsi, zo ka ga aiki! Ko ƙarzane babu a bakin ramin. Na faɗa maka, hannun Baba Tsanaki ba irin na mutane ba ne. Wannan hannu, Allah ya bar mana shi!"

Tartsatsi ya sunkuya ya duba, ya girgiza kai. "Ƙarfen fartanya, da kurfi kawai. Maigida, ni dai har yanzu ɗan koyo ne."

Hannun hagu yana aljihu, yana kaɗawa a jikin cinyarsa inda ba mai gani. Abin da ya yi ta faɗa a kai tun safe ga shi an miƙo masa, ba abin da ya rage sai ya yi shiru ya karɓa. Ya waiga. Tana tsaye a bakin ƙofa, ta ɓoye yatsunta masu baƙin mai a cikin mayafi, kuma ya san ko shekara nawa za a yi ba za ta taɓa buɗe baki ba.

Ya zaro hannun, ya shimfiɗa shi a kan teburin ƙarfe, a fili, kusa da kurfin. Yatsun suka kama aikinsu, farce na taɓa tebur, kas-kas-kas.

"Ni na buga," ya ce. "Ita ta riƙe."

Mai Lambu ya kalli hannun, ya kawar da kai ya kama kwance ledarsa da ƙwazo kamar wani babban aiki. Tartsatsi ya sauke wayar waldar a hankali ya ajiye a ƙasa. Ya daɗe yana kallon bangon sufanu, sannan ya ɗauki fulawil ɗin ya goge cikinsa da tsumma.

"Maigida, in ɗora?"

"Sa makullin tukuna. Da yatsa, ban ce da guduma ba. Kai kuma, Mai Lambu, in na ƙara jin ka kusanci inji da fartanya, ni da kai ne."

Sabon makullin ya shige ramin da turin yatsa. Aka ɗora fulawil, Tsanaki ya ɗaure notin da kansa. Ja na farko injin ya yi tari, na biyu ya kama, hayaƙi ya cika shagon. Mai Lambu bai tsaya doguwar godiya ba, ya ɗora a baro ya fita da gudu-gudu, rana tana sama da sauranta. Tartsatsi ya naɗe wayarsa, ya tsaya a bakin ƙofa kamar zai ce wani abu, sai kawai ya ce, "Ina tsallake, Maigida," ya fita.

Tsanaki ya mayar da kurfin mazauninsa, ya share guntun tsinken da ya karye, ya tsince robar ya jefa a kwandon shara. Bai san abin da layin zai ce gobe ba, kuma ya gaji da yawa da zai fara lissafinsa yanzu.

Ta shigo da shayi ta ajiye a gefen tebur. Ya leƙa cikin kofin. Rabi ne.

"A ƙara?" ta ce.

Ya ɗauka da hannu biyu. Shayin ya yi ta kaɗawa a ciki, yana hawa gefe yana sauka, bai kai bakin kofin ba.

"Bar shi," ya ce. "Ya yi daidai."